Wanda Ya Mutu Kafin Ruwa Ya Taɓa Shi: Muhawarar Baftismar Marmari a Cocin Katolika

A ranar 6 ga Agusta 2020, ofishin da ke kula da aƙida a fadar Batikan ya fitar da wata gajeriyar amsa da ta tayar da ƙura. Ya ce duk baftismar da aka yi da lafazin "Muna yi maka baftisma" a maimakon "Ina yi maka baftisma" ba ta yiwu ba, sai an yi wata. Ba a jima ba wani matashin Fada a birnin Detroit na Amurka, wanda ya taɓa kallon bidiyon baftismarsa ta jarirantaka, ya gane cewa dikin (mataimakin Fada) da ya yi masa baftismar "muna" ya ce. A idon dokar Coci ke nan ba a taɓa yi masa baftisma ba, don haka naɗinsa na Fada ma bai tabbata ba. Aka yi masa baftisma, aka sake naɗa shi. A 2022 irin haka ta sake fitowa a Phoenix, inda aka gano wani Fada ya shafe shekaru yana amfani da wannan lafazi.

Masu rai dai ana iya sake musu. Tambayar da ta dami iyalai ita ce ta waɗanda suka riga suka rasu suna ganin an yi musu baftisma alhali ba a yi ba. Amsar da malaman Coci suka riƙa bayarwa ta jingina ne da wata tsohuwar koyarwa da ake kira baftismar marmari, koyarwar da ita kanta an daɗe ana ja-in-ja a kanta.

## Iri uku, amma sakramenti ɗaya

A koyarwar Katolika, baftisma ita ce ƙofar shiga Coci. Ana zuba wa mutum ruwa ko a nitsar da shi cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Sun yi imani cewa tana wanke zunubin asali da aka gada daga Adamu, tana wanke zunuban da mutum ya aikata da kansa, tana kuma buga wa ruhinsa wani hatimi da ba ya gogewa, shi ya sa ba a maimaita ta. Wannan ita ce baftismar ruwa, kuma ita kaɗai ce sakramenti, wato ibada ta zahiri da Coci ta yi imani Almasihu ya kafa don ba da alherin Allah.

Baftismar jini ita ce ta wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa ga Almasihu tun ba a kai ga yi masa ta ruwa ba. Cikin shahidan Yuganda da aka kashe a Namugongo a 1886 akwai Mukasa Kiriwawanvu, wanda yake cikin shirin baftisma lokacin da aka kashe shi, kuma Paparoma Paul na Shida ya sa shi cikin tsarkaka tare da sauran a 1964.

Baftismar marmari kuwa ita ce ta wanda ya yi niyyar baftisma, ya tuba daga zunubansa, yana ƙaunar Allah, amma mutuwa ta riga shi. Ita ma kashi biyu ce, kuma rabin rikicin daga cakuɗa su yake tasowa. Akwai marmari bayyananne, na mutumin da ya san baftisma ya kuma nema. Akwai marmari ɓoyayye, na mutumin da bai taɓa jin bishara yadda ya kamata ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya, har da a ce ya san Allah yana son a yi masa baftisma da ya nema.

Na jini da na marmari, a cewar malaman, suna kawo amfanin baftisma, wato gafara da alherin Allah, amma ba sa buga hatimin. Wanda yake da marmari kawai ba zai karɓi Jibin Ubangiji ba, ba za a naɗa shi Fada ba, kuma idan dama ta samu dole ne a yi masa ta ruwa.

## Inda igiyar ta sarƙe

Tushen matsalar ayoyi ne da kowane ɓangare ya yarda da su. A Yohanna 3:5 Yesu ya ce in ba a haifi mutum ta ruwa da Ruhu ba, ba zai iya shiga mulkin Allah ba. A 1 Timoti 2:4 kuma an ce Allah yana so dukkan mutane su sami ceto. Ga ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin firdausi a ranar, babu labarin an yi masa baftisma. Ga Karniliyas a Ayyukan Manzanni sura 10, wanda Ruhu Mai Tsarki ya sauko masa tun kafin ruwa, amma duk da haka Bitrus ya ba da umarni a yi masa baftisma.

Sifriyan, bishop na Kartaj da aka kashe a 258, shi ne aka fi danganta wa maganar nan cewa babu ceto a wajen Coci. Shi ɗin ne kuma ya yarda cewa mai shirin baftisma da aka kashe saboda Almasihu jininsa ya ishe shi.

Maganar marmari ta fito fili ne a wajen wata jana'iza. A 392 sarkin Roma Balentiniyan na Biyu, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya aika wa Ambros bishop na Milan ya zo ya yi masa baftisma. Ambros yana hanya aka tarar da gawar sarkin a garin Vienne, cikin Faransa ta yau. A wa'azin jana'izar Ambros ya lallashi 'yan'uwan mamacin mata da cewa abin da ke hannun ɗan Adam shi ne ya so ya kuma roƙa, kuma tun da ya roƙa ya samu. Agustin, wanda Ambros ya yi wa baftisma, ya rubuta cewa bangaskiya da juyowar zuciya na iya cike gurbin baftisma idan lokaci ya ƙure, kodayake a ƙarshen rayuwarsa ya ja baya daga kafa hujja da ɓarawon nan, don a cewarsa ba a tabbatar ba a yi masa baftisma ba.

Ba duka magabata suka bi wannan layi ba. Giregori na Naziyanzus ya ce idan ba a hukunta mai niyyar kisa a matsayin wanda ya yi kisa, da wuya a lissafa mai niyyar baftisma a matsayin wanda aka yi wa. Wani taron bishop-bishop da aka yi a Braga a ƙarni na 6 ma ya hana yi wa masu shirin baftisma da suka mutu addu'o'in jana'iza. Masu adawa da koyarwar a yau ba sa mantawa da waɗannan.

A tsakiyar zamanai muryoyin biyu sun ci gaba tare. A 1206 Paparoma Innocent na Uku ya amsa tambaya kan wani Bayahude da ya ga mutuwa ta matso, babu Kirista kusa, sai ya nitsar da kansa a ruwa yana ambaton sunayen uku. Paparoman ya ce mutum ba ya yi wa kansa baftisma, sai wani ya yi masa, amma da ya mutu a lokacin da ya tsira saboda bangaskiyarsa ga sakramentin. Shekara tara bayan haka, babban taron bishop-bishop na Lateran na Huɗu a ƙarƙashin shi wannan Paparoman ya bayyana cewa Coci ɗaya ce, kuma babu wanda zai tsira a wajenta. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara koyarwar iri ukun a rubuce. Taron Florence a 1442 kuma ya fitar da mafi tsaurin lafazi: arna da Yahudawa da 'yan bidi'a da masu ɓallewa ba su da rabo a rai madawwami in ba su shiga Coci kafin mutuwa ba, ko da mutum ya zubar da jininsa don sunan Almasihu.

## Trent da sabuwar duniya

A watan Janairu 1547 babban taron Trent ya zartar da dokarsa kan yadda mai zunubi yake zama karɓaɓɓe a gaban Allah. Ya ce hakan ba ya yiwuwa ba tare da wankan sabuwar haihuwa ko marmarinsa ba. Littafin koyarwar da aka buga a 1566 bisa umarnin taron ya ƙara bayani: jinkirta wa babba baftisma don a koyar da shi ba shi da haɗarin da jinkirta wa jariri yake da shi, domin idan wani tsautsayi ya hana, niyyarsa da tubansa za su amfane shi.

Amma kafin nan wani abu ya riga ya sauya girman tambayar. Malaman tsakiyar zamanai suna ɗauka bishara ta kai kusan ko'ina, wanda bai karɓa ba shi ya ƙi. Bayan 1492 Turawa suka ci karo da nahiyoyi cike da al'ummomin da ba su taɓa jin sunan Yesu ba tsawon ƙarni goma sha biyar. Game da Japan, Faransis Zabiya ya rubuta a 1552 cewa sababbin Kiristoci suna kuka idan aka ce musu babu abin da zai fid da iyayensu da kakanninsu da suka mutu. Malaman Salamanca a Sifaniya, irin su Francisco de Vitoria, suka fara cewa mutum ba ya zama mai laifin ƙin bishara sai an gabatar masa da ita ta hanya mai gamsarwa, kuma ba a kiran wa'azin da ya zo tare da ƙwace da kisa mai gamsarwa. Daga nan tunanin marmari ɓoyayye ya yi ta ƙarfi. A 1863 Paparoma Pius na Tara ya rubuta cewa waɗanda rashin saninsu ba laifinsu ba ne, suna kuma kiyaye dokar da Allah ya rubuta a zukata, za su iya samun rai madawwami ta wurin alherin Allah.

## Rikicin Boston

Leonard Feeney Fada ne ɗan ƙungiyar Jesuit, sanannen marubuci kuma mai wa'azi, wanda ya jagoranci cibiyar Saint Benedict kusa da jami'ar Harvard. A ƙarshen shekarun 1940 shi da mabiyansa suka fara koyar da cewa babu ceto sai ga wanda yake cikin Cocin Katolika a zahiri, suna zargin hukumomin Coci a Amurka da sassauta aƙida don su zauna lafiya da maƙwabta. A watan Afrilu 1949 aka kori wasu malamai mabiyansa daga Boston College, Akbishop Richard Cushing ya hana Feeney wa'azi, ya kuma hana 'yan Katolika zuwa cibiyar.

Ranar 8 ga Agusta 1949 ofishin aƙida na Batikan ya aika wa Cushing wasiƙa wadda har yau ita ce ma'aunin wannan magana. Ta tabbatar cewa "babu ceto a wajen Coci" aƙida ce da ba ta sauyawa, amma dole a fahimce ta yadda Coci ta fahimce ta. Ba lallai ne kullum mutum ya zama ɗan Coci a zahiri ba, ya isa ya haɗu da ita ta marmari, kuma idan rashin saninsa ba laifinsa ba ne Allah yana karɓar marmari ɓoyayye. Sai dai wasiƙar ta gindaya sharaɗi da masu ambatonta kan tsallake: ba kowane irin fatan alheri ba ne ya isa, sai marmarin ya kasance tare da cikakkiyar ƙaunar Allah da bangaskiyar da ta zo daga alherinsa.

An kori Feeney daga ƙungiyar Jesuit a wannan shekarar. A littafinsa na 1952 ya fito da matsayinsa a sarari: marmari na iya sa a gafarta wa mutum, amma ba zai shiga sama ba sai da ruwa. A watan Fabrairu 1953 aka yanke shi daga tarayyar Coci. Hukuncin ya ambaci rashin biyayya ne, don an kira shi Roma ya ƙi zuwa. A 1972 aka maido da shi ba tare da an sa shi ya janye ra'ayinsa a fili ba, ya rasu a 1978. Mabiyansa suna kafa hujja da wannan cewa ba a taɓa yanke wa ra'ayinsa hukuncin bidi'a ba. Masu sukarsa suna cewa wasiƙar 1949 ta riga ta ƙi koyarwar, kuma sassaucin da aka yi wa tsoho mai rashin lafiya ba ya goge ta.

## Abin da kowane ɓangare yake riƙe da shi

Masu tsattsauran ra'ayin suna cewa bayanan manyan taruka irin na Lateran da Florence ba sa kuskure, kuma ba su bar wata kafa ba, alhali wasiƙa daga wani ofishi ba ta kai wannan matsayi ba. Suna nuna cewa Trent ya la'anci wanda ya mai da ruwan da ke Yohanna 3:5 ya zama misali kawai. Game da jimlar nan ta "ko marmarinsa", wasunsu suna cewa nufinta ana bukatar biyun ne, ruwan da kuma niyyar. Hujjarsu mafi nauyi ta shafi ikon Allah: ba a yi wa Allah ba-zata. Idan mutum yana neman gaskiya da gaske, Allah ba zai bari ya mutu ba sai ya kawo masa mai baftisma, kamar yadda ya aika Filibus wurin wani mutumin Habasha a kan hanyar hamada.

Ɗaya ɓangaren, wanda shi ne matsayin hukumar Coci da kusan dukkan malamanta, yana amsawa da cewa ba a karanta Trent ba tare da littafin koyarwar da ya fito daga gare shi ba, kuma manyan malaman da suka biyo baya irin su Robert Bellarmine da Alfonsus Liguori sun fahimci taron yana koyar da baftismar marmari. Suna cewa kalaman Florence suna magana ne kan waɗanda suka san gaskiya suka juya baya. Kuma a nan ne matsayin Feeney ya fi rauni: idan an yarda mutum ya sami gafara, yana cikin alherin Allah, ya mutu a haka, me zai hana shi sama? Trent ya ce wanda ya mutu cikin alheri babu abin da ya rage masa. Abin lura, har ƙungiyar Saint Pius na Goma, wadda take ƙin yawancin sauye-sauyen da aka yi tun shekarun 1960, ba ta goyon bayan Feeney a wannan.

## Ainihin gardamar yau

Babban taron Batikan na Biyu, a takardarsa Lumen Gentium ta 1964, ya ce masu shirin baftisma sun riga sun haɗu da Coci ta niyyarsu. Ya ambaci Yahudawa, ya ambaci Musulmi da suke bauta wa Allah ɗaya mai jinƙai, ya kuma ce waɗanda ba su san bishara ba ba don laifinsu ba, suna neman Allah suna bin lamirinsu, za su iya samun ceto. A cikin takardar dai aka ce wanda ya san Allah ne ya kafa Coci a matsayin abin da ya wajaba, ya ƙi shiga ko ya ƙi zama, ba zai tsira ba, kuma sau da yawa Mugun, wato Shaiɗan, yana ruɗin mutane. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya dunƙule abin a sakin layi na 1257: Allah ya ɗaura ceto a kan sakramentin baftisma, amma shi kansa sakramentansa ba su ɗaure shi ba.

Da wannan, batun mai shirin baftisma ya zama rufaffe a hukumance. Abin da ya rage a buɗe shi ne faɗin ƙofar. Akwinas yana ganin babba ba zai tsira ba sai ya san Almasihu, ko da ta hanyar wahayi a zuci ko mai wa'azin da Allah zai aiko masa. Malamai irin su Juan de Lugo a ƙarni na 17 sun ce gaskata Allah ɗaya mai sakamako na iya isa ga wanda bai sani ba. Bajamushe Karl Rahner ya kai maganar nesa da ra'ayinsa cewa akwai Kiristocin da ba su san su Kiristoci ba ne, ra'ayin da ya sha suka ta fuska biyu: wasu suka ce ya kashe dalilin wa'azi, wasu suka ce raini ne a laƙaba wa mabiyin wani addini sunan da bai nema ba. A 2000 takardar Dominus Iesus ta ja linzami, ta ce duk wanda ya tsira ta wurin Almasihu ya tsira, kuma ba a ɗaukar sauran addinai a matsayin hanyoyi daidai da Coci. Coci ta ce "za su iya", ba ta taɓa cewa mutum nawa ne ba, ba ta kuma taɓa bayyana cewa wani takamaiman mutum yana wuta ba.

## Yadda abin yake shafar mabiya

Ga babban da ke koyon addini, wanda shirinsa kan ɗauki shekara ko fiye kafin a yi masa baftisma a daren Ista, dokar Coci ta 1983 ta ce idan ya rasu a tsakani za a yi masa jana'iza irin ta kowane ɗan Katolika. Idan kuma rashin lafiya ta yi tsanani ba a jira: matuƙar ya san ginshiƙan bangaskiya ya kuma nuna yana so, ana yi masa nan take. A irin wannan hali kowa na iya yin baftisma, ma'aikaciyar jinya ko ɗan'uwa, har ma wanda ba Kirista ba, muddin ya zuba ruwa, ya faɗi lafazin daidai, yana nufin abin da Coci take nufi.

Waɗanda aka yi wa baftisma da gurɓataccen lafazi kuma suka rasu ba su sani ba, koyarwar marmari ce ke ba iyalansu natsuwa, don mutumin da ya rayu yana ganin an yi masa babu shakka yana so. Masu rai kuwa, da zarar an gano sai a yi musu, tare da sauran sakramentan da suka dogara da ita. Koyarwar ba ta zama uzurin sakaci ba: wanda yake da dama ya yi ta jinkiri ba dalili, shi da kansa ya nuna marmarin bai kai zuci ba.

Ga wanda ya shiga Katolika ya bar iyaye ko miji a wani addini, ba a ba shi tabbacin cewa sun tsira ba, ba a kuma ce masa sun hallaka ba. An halatta masa ya yi musu addu'a.

Wuri mafi wuya shi ne jarirai, don jariri ba ya iya marmarin komai. Ƙarnuka da dama malamai sun koyar da Limbo, wani hali na jin daɗi ba azaba amma ba ganin Allah, kodayake ba a taɓa mai da shi aƙidar dole ba. Kardinal Cajetan a ƙarni na 16 ya kawo shawarar cewa marmarin iyaye na iya tsaya wa ɗan da ya mutu a ciki, amma ra'ayin bai samu karɓuwa a hukumance ba. A 2007 kwamitin malaman tauhidi na ƙasa da ƙasa, da amincewar Paparoma Benedict na Goma Sha Shida, ya ce akwai dalilai masu ƙarfi na sa zuciya cewa jariran da suka mutu ba baftisma za su tsira, yana mai jaddada cewa fata ne, ba tabbataccen sani ba. A aikace akwai addu'ar jana'iza ta musamman domin irin waɗannan yara, kuma bishop na iya ba da izinin yi wa jaririn da iyayensa suka yi niyyar kai shi baftisma jana'izar Coci. Dokar da ta umarci iyaye su kai jariri baftisma cikin makonnin farko, kuma a yi masa ba tare da ɓata lokaci ba idan yana bakin mutuwa, tana nan ba a taɓa ta ba.